Zogala, habbatussauda ko dogon yaro, wanne ya dace ka ba iyalinka don garkuwar jiki?

Ɗari na shigowa Sakkwato, hazo ya rufe gari, masu magani a mota su ma sai su fito da lasifika, kowa na kiran garkuwar jiki garkuwar jiki kamar wani abu da ake aunawa a mudu. Satin da ya wuce Yayata da ke aure Runjin Sambo ta kira ni bayan isha'i, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce "Kai auta, kai da ke koya ma yara kimiyya, gaya mani mi zan saya. Ɗiyan nan dut mura ta hana su sakat, wanga ya warke wancan ya kwanta. Inna ta ce zogala, maƙwabciyata ta ce in dafa dogon yaro in riƙa ba su kullum da safe, maigidan kuma ya ce man habbatussauda shi a magana." Na ce Yaya wannan ba amsar waya ba ce, katinki zai ƙare ban gama ba, bari in zauna in rubuta. Na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba shi ya sa na kawo shi nan.

Abu na farko, garkuwar jiki ba batir ba ce da za a ce ta yi ƙasa a jona ta a caji ta cika. Runduna ce mai sassa da yawa. Fata na ciki, majinar hanci na ciki, har tsamin da ke cikin tumbi aikinshi kashe ƙwayoyin cuta kafin su wuce. Sai fararen ƙwayoyin jini waɗanda ɓargon ƙashi ke ƙerawa, wasunsu haɗiye ƙwayar cuta suke ɗungurungum, wasu su ne masu ba da umurni, su ne CD4 ɗin da masu karɓar maganin ƙanjamau ke zuwa a ƙirga masu, wasu kuma su ke haɗa makami na musamman ga kowace cuta su kuma riƙe kamanninta don in ta dawo su gane ta, wanda a kan hakan rigakafi ya ginu. Kaluluwar da ke fito maka a hammata ko matsematsi in ka ji ciwo a hannu ko ƙafa, taron rundunar nan ne. Zazzaɓi da kumburi ma alamar ana gwabzawa ce. To kuma rundunar nan in ta yi zafin kai ita ma cuta ce, asma da atishawar ƙura da wani nau'in ciwon gaɓɓai duk garkuwa ce ta wuce gona da iri ta koma dukan jikin mai ita. Don haka duk wanda ya ce maka maganinshi na ƙara ƙarfin garkuwa, tambaye shi wane sashe, kuma wa ya ce mashi naka ƙari yake so ba lallashi ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ci mani rai, kalmar nan "bincike ya tabbatar". Awo, ana bincike, har nan jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ɗalibai na yin shi a kan itatuwanmu kuma aiki ne mai kyau. Amma ka san yadda ake yi? A busar da ganye a inuwa, a niƙa, a jiƙa shi cikin sinadarin itanol ko metanol kwana biyu ko uku, a tace, a ƙafe ruwan har sai abin ya koma wani baƙin ƙulli mai danƙo kamar maɗi, ganye tuli guda ɗan kaɗan zai bari a gindin kwalba. Wannan ƙullin ake auna wa ɓeraye daidai nauyin jikinsu, wani lokaci sai an fara ba su maganin da ke karya garkuwa da gangan, sannan a ɗebi jininsu a ƙirga fararen ƙwayoyi a ga ko sun farfaɗo. Abin da itanol ke jawowa daga ganye daban, abin da ruwan tukunyarki ke jawowa daban, kuma ɓera ba ɗan Adam ba ne. Ba wai binciken banza ba ne, matakin farko ne, sai an gwada ga mutane sannan a yi bugun gaba. Da wannan ma'aunin zan auna ukun nan, wanne anka gwada ga mutum, ta wace siga, kuma mi zai faru in an zarce.

Na fara da zogala don ita ce na fi yarda da ita, kuma dalilina ba wani sirri ba ne, abinci ce. Busasshen ganyenta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinshi furotin ne, ga sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, ga ƙarfe, ga kalshiyam, ɗanyen ganyen kuma ga bitamin C. Rundunar da na faɗa da furotin ake gina ta, bitamin A kuma shi ke kula da lafiyar fatar cikin hanci da maƙogwaro da hanji inda cuta ke fara shiga, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna matsa ma yara 'yan wata 6 zuwa 59 ɗan kafson nan ja ko shuɗi a baki. A ƙasarmu babban abin da ke karya garkuwar yaro yunwa ce da rashin abinci mai gina jiki, ba rashin wani magani mai tsada ba. Wanda ke shakka ya tuna muna da asibitin masu cutar Noma a garin nan tun 1999, cutar da ke cin kumatu da leɓen yaro cikin 'yan kwanaki, kuma yaran da take kamawa galibi masu tamowa ne ko waɗanda ƙyanda ta gama raunanawa. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da anka yi watsi da su. Duk sanda na bi ta wajen na ga uwa riƙe da yaro an naɗe mashi fuska, raina na ɓaci, don abin da zai taimaka wajen yaƙar tamowar yana nan tsaye a bayan gidajenmu akuya na ci.

Kuma zogala an gwada ta ga mutane nan kusa da mu. A asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano an ɗauki mutum 200 masu shan maganin ƙanjamau anka raba su biyu, kashi ɗaya ana ba su garin zogala giram 20 kullum har wata 6, ɗayan kashin ana ba su wani gari mai kama da shi wanda ba zogala ba, sakamakon ya fito a 2021. Masu cin zogalar CD4 ɗinsu ya fi hawa. Amma yawan ƙwayar cutar a jini zogala ba ta canza shi ba, wannan aikin maganin asibiti ne, kuma dukansu ba wanda ya aje maganinshi. Ku riƙe wannan da kyau don na taɓa jin mai lasifika na faɗin rabin maganar ya haɗiye rabin.

Yadda ake sarrafa ta kuma shi ne inda muke asara. Inna in za ta yi ɗatu, tana zage ganyen daga tsinke, ta dafa shi sama sama da ruwa kaɗan, ba ta bari ya yi lugub har ya koma ruwan ƙasa, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, ta yanka albasa da tumatur ɗanye, ta zuba man gyaɗa cokali biyu ta cuɗa da hannu har kowane ganye ya yi sheƙi. Ba ta taɓa shiga aji ba amma abin da ta yi daidai yake da littafi, domin sinadarin bitamin A ɗin nan sai da maiƙo hanji ke iya ɗaukarshi, ƙarfen zogala kuma mai wuyar shiga jiki ne sai an haɗa shi da abu mai tsami irin tumatur ko lemun tsami. Wadda ta tafasa ganye awa guda ta zubar da ruwan, ko ta shanya shi a tsakar rana bisa kwano har ya koɗe, ta kashe bitamin C ta rage na A. Masu shan ta a matsayin shayi kuma su sani furotin ɗin na cikin ganyen da suke zubarwa, ruwan ɗan abu kaɗan ya ɗauko. Sannan ganye nake magana, saiwa da ɓawon zogala wani abu ne daban, mai ciki kada ta kusance su don suna iya tayar da mahaifa.

Habbatussauda ita kuma darajarta a zuciyar musulmi ba sai an faɗa ba, hadisi ne ingantacce cikin Bukhari da Muslim cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, ni ma a kan haka na tashi kuma tana cikin gidana yanzu haka. Sai dai shi wannan addinin ne ya ce mu nemi magani, kuma malamai tun da can sun yi bayanin cewa amfani da ita na da ƙa'ida da gwargwado, wani lokaci ita kaɗai wani lokaci a haɗe. Sinadarin da ya fi aiki cikinta sunanshi taimokwinon, shi ke ba ta ɗan yajin nan da ke kama maƙoshi. A cikin mai yake zaune, ruwa bai cika narkar da shi ba, zafi da haske kuma na lalata shi. Ka ga kenan wanda ya zuba ta a tukunya ya tafasa ya sha ruwan bai samu abin kirki ba, wanda ya tauna ƙwayar ko ya daka ta sabuwa ya haɗa da zuma ya fi shi riba nesa.

Aikinta ga garkuwa ba irin na zogala ba ne. Zogala gini take, habbatussauda kuma inda ta fi nuna kanta shi ne kwantar da kumburi da zafin kan garkuwa. Tun shekarun 1980 wasu likitoci a Amurka sunka ba mutane ƙalilan giram 1 sau biyu a rana na wata guda sunka ga wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙara kuzari, bayan nan an yi ƙananan gwaje-gwaje ga masu atishawar ƙura da masu asma, da yawansu sun samu sauƙin toshewar hanci da tari, an kuma ga tana ɗan sauke suga da hawan jini. Gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan lokaci, amma ga mutane anka yi su, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. To a garin da ƙura ke shiga har cikin kwanon tuwo daga Disamba zuwa Fabrairu, babba mai yawan atishawa da ƙaiƙayin hanci ita zan nuna mashi kafin zogala. Mai asma dai kada ya rabu da abin shaƙarshi, ranar da ƙirji ya kulle ba mai ne zai buɗe shi ba.

Matsalarta biyu, tsada da algus. Galibi daga Masar da Habasha da Indiya da irinsu ake kawo ta, kuma man ya fi ƙwayar saurin shiga hannun 'yan damfara. Bara na sayi kwalba a wani shago, an lulluɓe ta da rubutun larabci gwanin kyau, na zo gida na buɗe na ɗanɗana, wallahi ba yaji ba ɗaci, santsi kawai kamar man girki da anka ɗiga ma ƙamshi. Na koma na ce "Malam, wanga mai ba shi da kaifi ko kaɗan", ya ce mani ai irin mai sanyi ne na masu ulsa. Ban ja ba na tafi, amma kuɗina sun tafi a banza kuma na san akwai mai ciwon gaske da ya sayi irinta ya dogara da ita. Tun ranar ƙwaya nake saye, in murza ta a tafin hannu in shinshina, in daka abin da zai yi mani sati guda kawai in rufe a kwalba mai duhu. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya a rana ya ishi babba. Masu kurɓar man da ludayi don a samu lafiya da wuri su bari, an samu waɗanda ƙodarsu ta taɓu bayan sun zarce, kuma mai shan maganin tsinka jini ko na suga ko na hawan jini ya fara gaya ma likitanshi, don aikin na iya haɗuwa ya yi yawa jiri ya kwashe shi.

Saura dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. Ina son itacen nan, ban san yadda Sakkwato za ta zaunu a watan Afrilu ba in babu inuwarshi, rana ta haura 40 kowa gindinshi yake gudu. Asalinshi Indiya, zamanin Turawa anka kawo shi ya kuma karɓi ƙasar kamar nan anka halicce shi. Yana da ƙarfi, ba musu. Ganyen na kashe wasu ƙwayoyin cuta a fata, asawakinshi na gyara dasashi, manoma na zuba shi cikin wake don ƙwari, a jikin dabbobin gwaji kuma an ga yana zaburar da fararen ƙwayoyin jini. Amma tsaya ka yi tunani, abin da ke hana ƙwaro cin wake shi za ka ɗura ma yaro ɗan shekara uku kowace safiya? Cikin ukun nan shi ne mafi ƙarancin gwaji ga mutane ta fuskar garkuwa, kuma shi ne mafi haɗari. A Indiya da Maleshiya likitoci sun rubuta labarin jarirai da ƙananan yara da anka ba man 'ya'yanshi, sunka kama amai da jijjiga da suma, wasu ba su tashi ba. A dabbobi an ga yana rage haihuwa ga namiji da mace kuma yana zubar da ciki, yawan shan shi na dogon lokaci na wahalar da hanta da ƙoda. Ga shi tukunya ba ta da ma'auni, dahuwar yau ta fi ta jiya kauri, wa ya san adadin da ya shiga cikin yaro.

Na san za a ce ai kakanninmu sun sha. Sun sha, amma ku tuna yadda sunka sha, sai zazzaɓi ya kama babba a yi mashi surace a lulluɓe shi da bargo ya yi gumi, ya kurɓi kaɗan kwana biyu ko uku a bari. Ba wanda ya mai da shi kunun safe. Ko zazzaɓin ma yanzu gwaji na minti 15 a kemis ko asibitin unguwa zai nuna ko maleriya ce, in ita ce a sha maganinta cikakke, don gumin surace na sa a ji sauƙi alhali ƙwayar na nan cikin jini tana ƙaruwa. A wajena dogon yaro na waje ne, wanka, ƙuraje, asawaki, inuwa.

Wani zai ce ina tafarnuwa, ga ta muna nomawa a Wurno da Goronyo har ana lodi zuwa kudu. Tana da nata, a Ingila a 2001 an gwada mutum 146 na sati 12, masu shan ta sun yi mura sau 24 waɗanda ba su sha ba sau 65, gwaji ɗaya ne amma abin dubawa ne. A daka ta a bar ta ta ɗan sha iska kafin a zuba a miya, shi ke nan, ba sai an saye ta a kafso ba.

To in an zo zaɓe, ni ba na tambayar wanne ya fi ƙarfi, ina tambayar wa zai sha. Yaro da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci, garin zogala ƙaramin cokali cikin kunun gyaɗa ko fate, wanda bai kai wata 6 ba kuwa nono kawai, ko ruwa ba ya buƙata balle jiƙo. Mai ciki da mai shayarwa, ganyen zogala a miya da ɗatu, habbatussauda iyakarta ɗan barbaɗe a abinci ban da shan man, dogon yaro kuwa sam. Tsoho mai suga ko hawan jini zai iya cin zogala a abinci ya ɗan taɓa habbatussauda, amma ya riƙa awo don dukansu biyu na saukewa. Wanda anka yi ma dashen ƙoda ko mai ciwon da likita ke ba shi maganin danne garkuwa da gangan, wannan kada ya sha komi da sunan ƙarin garkuwa sai da izinin likitanshi, domin abin da ake ƙoƙarin kwantarwa shi zai je ya tayar.

Na kafso da na kwalba masu tambari fa? Duba lambar NAFDAC, amma ka san ma'anarta. Ga maganin gargajiya yawanci shaida ce cewa an duba ba ya cutarwa, shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Garin zogalar da ke cikin kafso mai tsada shi ne dai wanda za ki shanya a ɗaki bisa tabarma mai tsabta kwana uku ko huɗu ki daka ki tankaɗe, naki ma ya fi don kin san ba a haɗa shi da wani ganye ba. In sayen garin za ki yi a kasuwa ki zaɓi mai kore shar, wanda ya koma ruwan toka rana ta cinye shi ko ya kwana biyu.

Kuma don Allah, duk cikinsu babu wanda ke koya ma jiki kamannin ƙyanda ko sanƙarau. Mun ga abin da sanƙarau ya yi muna a 2017 nan da Zamfara, lokacin zafi na tafe kuma. Wannan aikin allurar rigakafi ne, ita ke nuna ma rundunar fuskar abokin gaba tun bai iso ba, zogala ta ciyar da rundunar, kowa da aikinshi.

Da na karanta ma Yaya wannan a waya ta yi shiru, can ta ce "To auta, dogon yaron da na riga na dafa fa, tukunya guda?" Na ce ki sirka ki yi ma yaran wanka da shi Yaya, ƙurajen ƙafar ƙaramin ma za su so hakan. Maigidan ta saya mashi ƙwayar habbatussauda ta daka mashi da zuma tunda shi ne mai atishawa, ta kuma ciro katin rigakafin yaran ta tarar ƙaramar ba a yi mata allurar ƙyanda ta biyu ba, ta ce Litinin za ta kai ta. Jiya Inna ta aika mata da reshen zogala uku masu kaurin hannu daga bayan gida, ta kafa su kusa da magudanar wanke-wanke inda ruwa ba ya yankewa, ta zagaye da ƙaya saboda awakin maƙwabta.